Akuyar da Ta Ci Jarrabawa da Jamusanci

Shekara talatin da huɗu na yi ina koyar da nahawun Turanci a makarantar sakandare, kuma a tsawon shekarun nan ban taɓa barin kuskure ya kwana a littafin ɗalibi ba. Yara suna kirana Jan Biro a bayan idona. Na sani sarai, kuma Allah ya yafe mini, sunan yana yi mini daɗi.

Bayan na yi ritaya, babban aikina shi ne jiran wayar ranar Lahadi. Babbar 'yata ma'aikaciyar jinya ce, ita da mijinta suna zaune can ƙasar da ake Jamusanci. Suna da yarinya ɗaya 'yar shekara biyar, muna kiranta Ƙanƙara saboda ranar da aka haife ta uwarta ta ce gari ya yi fari fat. Hausa tana ji sama-sama, amma ba ta mayarwa. In ta karɓi waya sai ta yi ta zuba da yarensu, ni kuma ina gyaɗa kai ina cewa "to, to," kamar wanda ake karanta wa wasiƙar da ba tasa ba.

Wata Lahadi ta yi mini dogon bayani, tana nuna wani abu da hannu, tana lanƙwasa wuya. Na ga alamar labarin ya kai ƙarshe, sai na tafa, na yi dariya, na ce, "Madalla! Haka nake so!"

Yarinya ta tsaya tana kallona. Sai ta fashe da kuka. Uwarta ta karɓi wayar ta ce, "Haba Baba, zomonta ne fa ya mutu."

Uwargidana tana gefe tana ninke kayan wanki. Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Malam, da shirun da ka saba yi mini ka yi mata, da ya fi."

Ran Litinin na je na rubuta sunana a ajin koyon Jamusanci. An ce za su zo hutu bayan wata bakwai, na ce a raina wata bakwai ai har na yi ragi.

Ajin yana saman bene, bisa wani shagon sayar da tayoyi, saboda haka duk abin da muka koya da ƙaurin roba muka koye shi. Kujerun roba goma sha biyu, allo fari, da fanka mai kuka kamar ƙofar da ba ta ga mai ba. Yawancin ɗaliban 'yan mata ne ma'aikatan jinya masu neman aiki a waje. Namiji ɗaya ne ban da ni, wani mai walda ɗan shekara arba'in da wani abu, hannayensa duk tabon wuta. Ina shiga suka miƙe tsaye, sun zaci ni ne malamin. Ban yi saurin gyara musu ba.

Sai malamar ta shigo. Ta dube ni, ta rusuna, ta ce, "Malam, ina wuni? Ba ka gane ni ba? Aji uku, layin taga."

Ɗalibata ce. Na yi murmushin manya, na ce gemu ba ya hana neman ilimi. A zuciyata kuwa ina ta ƙoƙarin tuna abin da na taɓa yi mata, don na san da wuya a ce ban yi mata komai ba.

Watannin farko na yi tashe. Ni ne na fara haddace gaisuwa da ƙirga, ni ne mai ɗaga hannu kafin a gama tambaya. Da muka zo shuɗaɗɗen lokaci, wato yadda ake faɗin abin da ya riga ya wuce, Malama ta nuna mana hanya mai sauƙi: ka ɗauki aikatau, ka yanke masa wutsiya, ka liƙa masa "te". Machen, yi, ya koma machte. Sagen, faɗa, ya koma sagte. Lernen, koyo, ya koma lernte. Daɗi ya kama ni har na juya na yi wa 'yan ajin jawabin da ba wanda ya roƙa. Na ce, "Kun gani ko? Harshe ƙa'ida ne. Wanda ya riƙe ƙa'ida ya riƙe harshe. Rago ne kawai yake haddar aku."

Malama ta ce, "Malam, akwai waɗansu da ba sa bin wannan hanyar, sai ranar Laraba za mu zo kansu."

Ban saurare ta ba. Wanda ya saba magana a gaban allo kunnensa ado ne. Na koma gida na rubuta shafi guda cur a kan yadda na yi wunina, aikin da ba a ma ba mu ba. Na tafi, gehte. Na zo, kommte. Na ci, esste. Na sha, trinkte. Na yi barci, schlafte. Na miƙa mata da hannu biyu.

Ranar Laraba ta dawo mini da takardar a ninke, don kada na kusa da ni su gani. Da koren biro ta yi gyaran, wai don ya fi taushi. Takardar ta yi kore shar kamar gonar da ta sha damina. Gehen ba gehte ba ne, ging ne. Kommen, kam. Essen, aß. Trinken, trank. Schlafen, schlief. A cikin aikatau goma sha tara, biyu na samu.

Na ɗaga hannu na ce, "Malama, da izininki. Ina ging ya samo wannan kamar? Ba uwa ba uba, daga gehen sai ging?"

Ta ce, "Haka suke, Malam. Sun kusa ɗari biyu, amma waɗanda ake yawan amfani da su ba su kai haka ba. Masu harshen suna kiran yawancinsu aikatau masu ƙarfi. Waɗanda suke bin ƙa'ida kuma ana ce musu raunana."

Na ce, "Wato mai bin doka shi ne rarrauna, mai karya ta shi ne ƙaƙƙarfa. Ashe can ma haka duniyar take."

Aka yi dariya, na ji sanyi kaɗan. Sai na zarce, na ce wannan ba tsari ba ne, zalunci ne a kan mai koyo. Malama ta rufe bironta a hankali ta ce, "Gaskiya ne, Malam. Ni ma haka na ce a aji uku, ranar da na liƙa wa go wutsiya na rubuta goed. Ka ba ni uku cikin ashirin, ka ce in rubuta went sau ɗari kafin a tashi."

Ba da zafi ta faɗa ba, har da murmushinta. Amma wanzami ba ya son jarfa. Fankar nan ta ci gaba da kukanta, ni kuma na shiga duba farcena.

Na ƙudurta cewa sai na gano ƙa'idar da ke ɓoye, don ban yarda akwai abin da ba shi da ita ba. Na yanka kwalin takalmi ƙanana-ƙanana, kowane guntu aikatau ɗaya, na baje su a teburin cin abinci ina haɗa dangi da dangi. Kwana huɗu muna cin abinci a kan cinya. A rana ta biyar na ga haske. Singen, waƙa, sang. Trinken, trank. Finden, samu, fand. Springen, tsalle, sprang. Duk inda "i" ya zo kafin "n" sai ya rikiɗe ya zama "a". Na shiga ɗakin girki na shaida wa uwargida cewa na kama su. Ta ce to Allah ya sa alheri, in na gama kama su in sakar mata teburinta.

A aji na nemi izini na fita gaban allo. Rabona da riƙe abin rubutu a gaban jama'a shekara uku, har hannuna yana ƙaiƙayi. Na zana dokata, na ja layi biyu a ƙarƙashinta, na ce, "Saboda haka ko ba a koya muku ba, kun san bringen, wato kawowa, zai zama me?" Na rubuta brang da manyan baƙaƙe.

Daga kujerar baya Mai Walda ya ce, "Baba, brachte ne."

Na ce, "Wa ya gaya maka?"

Ya ce, "Yana shafi na biyu, ƙasan denken, dachte."

Na tambaye shi wace ƙa'ida ya bi. Ya ce shi bai san wata ƙa'ida ba. In yana dukan ƙarfe a shago, guduma ta farko ya ce bringen, ta biyu ya ce brachte, har ma'aikatansa sun fara amsa masa. Mutumin da ya bar makaranta a aji biyu ya haddace sittin, ni mai takardar shaidar koyarwa ina da doka ɗaya, ita ma ta mutu a gaban shaidu goma sha ɗaya.

Daga ranar na sauko na koma haddar akun da na zaga. Na bi gida ina manna takardu. A ƙofar falo ging ta waje, kam ta ciki. A firji aß. A famfo trank da wusch. A kan gado schlief. Ina zagaye tsakar gida da hannu a baya ina rerawa, maƙwabciyarmu har ta leƙo ta katanga ta tambayi uwargida ko jikin Malam ne. Abin haushin, da safe in haddace goma, kafin la'asar bakwai sun gudu, ukun da suka rage kuma sun yi musayar riguna.

Wata rana ina tsaye bakin taga ina cewa, "Nehmen... nehmen..." abin ya ƙi zuwa. Sai na ji murya daga ɗakin girki, cikin ƙarar cokali da tukunya: "Nahm."

Na leƙa na ce, "Me kika ce?"

Ta ce, "Nahm ne. Bayansa geben, gab. Sai helfen, half. Sati uku kana zuba mini su a kunne, ko bango ne ai ya ɗauka."

Na ce, "To me nahm yake nufi?"

Ta ce, "Oho. Wannan kuma aikinka ne, kai da ka je makaranta."

A wata na biyar zazzaɓi ya kwantar da ni asibiti kwana uku. Da na koma aji Malama ta ce, tunda ga labari ya samu, in ba su shi da Jamusanci. Na miƙe, na gyara wuyan riga. Nufina in ce na kwanta kwana uku a asibiti, likita ya zo na gan shi. Kwanciya lag ce, gani kuma sah. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ich log drei Tage im Krankenhaus. Der Arzt kam, und ich aß ihn."

Wata daga cikin ma'aikatan jinyar ta kifa kai a kan tebur, kafaɗunta suna rawa. Malama ta cije leɓe, ta ce, "Malam, ka ce ka yi kwana uku kana sharara ƙarya a asibiti. Da likita ya zo kuma ka cinye shi."

Mai Walda ya ce, "Kai, Baba, ashe jikin da sauƙi."

Na yi dariya tare da su, ta fatar baki. Da na sauka daga benen ban ko amsa gaisuwar mai tayoyi ba. Laraba ban je ba, Litinin ban je ba. Na ce wa uwargida jikin ne bai gama saki ba. Ta ce ai ta lura, ciwon yana tashi ne daidai ƙarfe huɗu na ranakun aji.

Ranar Asabar da hantsi sai ga Malama a gidana. Ta zauna a bakin kujera kamar yadda ɗalibai suke zama a ofishina da. Ta ce, "Malam, na zo in sauƙaƙa maka ne. Wannan sigar da take wahalar da kai, a hirar yau da kullum ba a cika amfani da ita ba, akwai wata da mutane suka fi yi. Ita wannan ta littafi ce da ba da labari. In gaisawa da jikarka kake so, abin da ka iya ya ishe ka."

Ta buɗe mini ƙofar gudu, kuma na so in bi. Amma da ta ce ba da labari sai na fasa. Duk 'ya'yana a kan labaraina suka tashi. Ban iya wasa da yara ba, ban iya lallashi ba, labari kaɗai na iya. In aka cire shi, me ya rage mini in ba yarinyar nan ban da "to, to"?

Na ce, "Ashe ita ce ma wadda nake nema."

Kafin ta tafi na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na ce, "Wancan uku cikin ashirin ɗin, ina ganin hannuna ya yi nauyi."

Ta ce, "Ya yi, Malam. Amma ban sake mance went ba." Sai ta ƙara da cewa, "Ging sau ɗari, kafin Litinin."

Na rubuta. A na sittin yatsuna suka ƙage, na tuna yara nawa na sa wannan aikin ina shan shayi.

Sauran watanni biyun na kashe su a kan labari ɗaya, wanda ya faru da gaske a makarantarmu. Wata shekara akuyar mai gadi ta shiga ofishin malamai ta cinye takardun jarrabawar aji biyu, muka yi ta cewa a duk makarantar ita kaɗai ta ci jarrabawa ba tare da ta yi karatu ba. Na tsara shi jimla goma sha huɗu, Malama ta gyara, na haddace har ina iya faɗinsa da baya-baya. Ta kuma gargaɗe ni cewa cin mutum aß ne, cin dabba fraß, kada in haɗa.

Suka iso ranar wata Alhamis. Ƙanƙara ta fi yadda take a waya ƙanƙanta, ta kuma maƙale a jikin uwarta tana leƙena da ido ɗaya. Ban matsa mata ba. Washegari da safe na zauna a baranda da kofin shayina, ta fito tana bin jerin tururuwa a bakin dakali. Na yi gyaran murya, na ce wa iska, "Es war einmal eine Ziege." Wato an taɓa yin wata akuya.

Ta daina bin tururuwa.

Na ci gaba, ina auna kowace kalma kamar ranar da mai duba malamai ya fara zama a ajina. Akuya ta zo makaranta, kam. Ta ga ƙofa a buɗe, sah, kuma a wannan karon ban cinye kowa ba. Ta yi tsalle ta hau tebur, sprang. Ta samu takardu, fand. Ta cinye su tas, fraß. Kafin in kai jimla ta goma yarinya tana jingine da gwiwata. Na kawo ta goma sha huɗu, inda dariyar take, na ƙyalƙyale ni kaɗai, don a Jamusanci cin takarda daban, cin jarrabawa daban. Wata biyu ina gyara labarin ban lura na baro abin dariyar a Hausa ba.

Ita ko a jikinta. Ta dafa gwiwata ta ce, "Und dann?"

Wannan na san shi: sai kuma me?

Babu sai kuma me. Labari ya ƙare, jimlolina sun ƙare. Na waiga, uwarta tana bakin ƙofa ta rufe baki da gefen mayafi, ba ta da niyyar ceto na. Sai na laluba cikin kaina na cafko aikatau na farko da ya zo hannu. Akuya ta sha ruwa, trank.

"Und dann?"

Ta yi waƙa, sang.

"Und dann?"

Ta yi iyo, schwamm. Makarantarmu ko rijiya ba ta da ita, amma abin da nake da shi ke nan. Akuyar nan ba ta yi abin da ya dace da akuya ba, ta yi abin da na haddace. Ta rubuta wasiƙa, ta karanta jarida, ta wanke mota, ta tashi sama. Da na maƙale a wani wuri sai muryar uwargida ta fito ta taga: "Schlief!" Ba ta san me ta ce ba, amma ya zo daidai, akuya ta kwanta ta yi barci, na samu na kurɓi shayina da ya riga ya huce.

Sati biyun da suka yi, kullum da safe sai an yi zaman akuya. Yarinya tana gyara mini furuci ba sassauci, tana kama haɓata tana nuna mini yadda ake murɗa baki. A wurin cin abinci kuma in na ce ich aß, ich trank, sai ta faɗi da dariya. Mijin 'yata ya yi mini bayani cikin ladabi, ya ce, "Baba, cewa take kana magana kamar sarkin cikin littafi." Na ce a gaya mata na karɓi sarautar. Ana gobe za su tafi aikataina suka ƙare ƙaƙaf, saura wurde, wato zama, sai na naɗa akuya shugabar makaranta. Ƙanƙara ta ce ya yi daidai.

A filin jirgi ta riƙe yatsana har bakin inda ake tsayar da masu rakiya. Ta faɗa wa uwarta wata magana a kunne, uwar ta ce, "Baba, wai ran Lahadi za ta kira ta ji abin da akuya ta yi a ofis. Kuma wai kada ka maimaita waɗanda ta riga ta yi."

Ran Litinin na riga kowa hawa benen. Da Malama ta shigo na miƙa mata 'yar takarda. Ta karanta a bayyane: "Cizo. Sata. Harbi da ƙafa. Korar ma'aikaci. Hawan keke." Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Malam, lafiya? Wa zai yi duk wannan?"

Na ce, "Wata shugabar makaranta ce. Ki taimaka ki ba ni su kafin Lahadi."

Mai Walda ya jawo kujerarsa kusa da tawa, ya ce cizo dai biss ne, sata stahl, sauran mu nema tare.